Sitiyari ya yi nauyi amma ba na jin taya, me zan gyara?

Direban_Dare: Salamu alaikum 'yan'uwa. Na koma wasan kwaikwayon tseren mota na Assetto Corsa Competizione bayan dogon hutu, da sitiyarin wasa na Logitech G29 ɗina. Sitiyarin ya yi nauyi, amma a kwana ba na jin lokacin da tayar gaba ta fara sulɓewa. In sayi sabo ne?

Baba_Totur: Wa alaikumus salam. Kar ka taɓa aljihunka tukuna, ƙanena. Nawa ka sa ƙarfin martanin sitiyarin, wato ƙarfin da wasan ke turo maka a hannu?

Direban_Dare: 100, Baba.

Baba_Totur: To ga matsalar nan. G29 ƙarfinsa bai wuce kusan 2 Nm (ma'aunin ƙarfin juyawa) ba. In ka ƙure shi, da ka shiga kwana injin da ke cikin sitiyarin ya riga ya kai iyakarsa, duk abin da wasan ya ƙara turo masa ba shi da inda zai sa shi. Sai ka ji nauyi iri ɗaya tun shigarka kwanar har fitarka, alhali ɗan sassaucin nan da sitiyari ke yi lokacin da taya ta fara sakin kwalta shi ne abin da kake nema. Ka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har ka fara jin sa. Hannu zai ce ya yi sakwa-sakwa da farko, ka daure.

Makanikiya: Ka kuma duba iskar taya, Malam. Sabuntawar wasan ta 1.9 a 2023 ta canza lissafin taya, yanzu ana neman psi (ma'aunin iskar taya) 26 zuwa 27 in ta yi zafi. Tsohon saitinka na mota ba zai zauna daidai ba.

Sarkin_Birki: Ni dai ina ganin giyar cikin G29 tana cinye ƙananan motsi. Sitiyarin Thrustmaster T300 mai aiki da bel a maimakon giya ya fi laushi. Amma mai son canji na gaske ya tafi wanda sitiyari ke kan injin kai tsaye, irin Fanatec CSL DD mai 5 Nm ko Moza R5.

Baba_Totur: Gaskiya ne, sai dai shi ma in ka ƙure shi, haka zai yi maka.

Makanikiya: In kuɗi ya samu ma, ni fedar birki mai auna ƙarfin taku zan fara saya kafin sitiyari. Ƙafa ta fi riƙe ƙarfin da ta taka a kan nisan da ta taka.

Direban_Dare: Na rage shi, na gyara iska, na shiga filin tsere na Monza. A kwanar farko na ji gaban motar ya saki kafin in gani a allo. Allah ya saka da alheri. Makanikiya, wace fedar kike amfani da ita?