Baba ya daina cin abinci a gidan kula da tsofaffi, in dawo da shi gida ne?

Ƴar Baba: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ku taimaka min da shawara, kaina ya kulle. Mu ƴan Aboabo ne a Kumasi. Baba ya haura tamanin, tsohon ɗan kasuwar goro ne. Shanyewar ɓarin jiki ta fara kama shi, daga baya a Gee, wato asibitin Komfo Anokye, aka gano ciwon daji, har ya shiga ƙashi. Gidanmu na gado ne, ɗaki biyu suka rage mana tun da ƙannen Baba suka zuba ƴan haya ba da shawarar kowa ba, makewayi ɗaya kowa ke bi, ni kuma tun kafin asuba ina bakin murhu don waakye (shinkafa da wake) nake sayarwa. Yayana na Amurka ya ce a kai shi gidan kula da tsofaffi, shi zai biya. Yanzu ko koko ne, cokali biyu sai ya kau da kai, da dare kuma nishi. Masu gidan sun ce a sa masa robar abinci ta hanci. Yaya ya ce a sa. Ni hankalina bai kwanta ba.

Kawu na Asawase: Wa alaikumus salam. Ƴata, tun farko aka yi kuskure. A Zango ba mu san kai uba wurin baƙi ba. Ki ɗauko shi yau. Annabi (SAW) ya ce mu laƙƙana wa masu shirin rasuwa La'ilaha illallah. Wa zai yi masa a can? Wa zai juya shi alƙibla?

Ƴar Baba: Kawu, ba jefar da shi muka yi ba. Kullum bayan la'asar ina can. Lokacin da yake gida bayansa ya yi gyambo, ni kaɗai nake ɗaga shi, babu wanda ya leƙo.

Nas daga Nima: Sannu ƴar uwa. Idan ciwo ya kai nan, jiki da kansa yake daina neman abinci, kuma roba ba ta mayar da ciwon baya. Ɗura ma tana iya sa ya shaƙe, abincin ya shiga huhu. Nishin nan ya fi damuna. Wane maganin zafi ake ba shi? Ki koma Komfo Anokye ki ce a haɗa ku da masu kula da rage raɗaɗi. Akwai morphine na ruwa da ake bayarwa bisa agogo, ba sai ya yi kuka ba, tare da maganin sakin ciki don yana ɗaure bayan gida. A riƙa juya shi duk awa biyu, a jiƙa masa leɓe da auduga. Ki duba katin inshorar lafiyarsa ta NHIS ko ya ƙare, wanda ya kai 70 ba ya biyan kuɗin shekara.

Maman Biyu: Na waje kenan! Su turo sidi ta MoMo (asusun kuɗi na waya) sannan su yi ta ba da umarni ta waya. Namu na Jamus ko jana'izar Mma bai zo ba, amma shi ya fara tambayar takardun fili.

Kawu na Asawase: Wannan morphine ɗin kwantar da mutum yake, a hana shi kalmar shahada. Zamzam da zuma da addu'a, a ɗakinsa. Hana shi abinci kuma ban san inda aka samo shi ba.

Nas daga Nima: Kawu, ba wanda ya ce a hana shi. A ba shi abin da ya karɓa. Mai fama da zafin ƙashi ma da ƙyar yake iya salati.

Hajiya Tafo: Shi Baban yana magana? An tambaye shi inda yake so ya kwanta?

Ƴar Baba: Hajiya, yana magana kaɗan-kaɗan. Amma in na ɗauko shi Yaya ya janye kuɗi, pampers kaɗai ya fi ƙarfina. Kuma in wani abu ya faru a hannuna, ni dangi za su zarga. Zan sake kiran Yaya da dare idan ya tashi daga aiki.