Raba manifol ɗin hayaƙi na injin silinda 6 a jere domin salansa biyu

Mai_Akori_Kura:
Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar motar ɗaukar kaya ƙirar Chevrolet mai injin 235 (wato mai girman inci kubik 235), silinda shida a jere da kafireta ɗaya, kuma ina so in mayar da ita mai salansa biyu ta hanyar raba manifol ɗin hayaƙin da ke jikinta (wato ƙarfen da ke tattara hayaƙin silindodi ya kai shi salansa), maimakon in sayi sabo. Ina da injin walda na lantarki da giranda a gida. Ina neman sanin inda ya dace a raba shi, da ko ƙarfen zai jure walda, da kuma ko aikin zai ƙara wa injin ƙarfi.

Tsohon_Bakanike:
Wa alaikumus salam, Malam. Wurin rabawa shi ne tsakanin silinda ta 3 da ta 4, kuma dalilin yana cikin tsarin tashin wutar injin, wato 1-5-3-6-2-4. Idan ka lura, wutar tana tashi a ukun gaba, sai ta koma ukun baya, sai ta sake dawowa gaba, saboda haka kowane bututu zai riƙa karɓar hayaƙi daidai wa daida, sau ɗaya a kowane digiri 240 na juyawar karanshaf, wato babbar sandar da fistin ke juyawa. Kan injin 235 yana da ƙofofin hayaƙi huɗu ne kawai, domin silinda ta 2 da ta 3 ƙofa ɗaya suke amfani da ita, haka ma ta 4 da ta 5, don haka rabon ya faɗa a tsakiya ba tare da an taɓa wata ƙofa ba. Chevrolet da kansa ya sa wa motarsa Corvette ta 1953 irin wannan rababben manifol. Hanya mafi sauƙi ita ce kada ka datse shi gida biyu: ka buɗe shi, ka liƙa farantin ƙarfe a ciki ya toshe tsakiya, mafitar asali ta ci gaba da ɗaukar rabi ɗaya, sannan ka huda sabuwar mafita a ɗaya rabin.

Mai_Walda:
Abin da Baba ya faɗa daidai ne, amma wahalar aikin tana wurin waldar. Manifol ɗin ƙarfen zubi ne, kuma wanda ya shekara da shekaru yana shan wuta yakan ƙone ya cika da baƙin hayaƙi har cikin jikinsa, sai ka ga narkakken ƙarfe yana dunƙulewa a kansa yana ƙin kamawa. Ka goge wurin da giranda har sai ƙarfe mai haske ya bayyana, ka ɗaure manifol ɗin da kusoshi a jikin tsohon kan inji ko farantin ƙarfe mai kauri domin kada fuskarsa ta lanƙwashe, sannan ka ɗumama shi gaba ɗaya, ba wurin waldar kaɗai ba. Ka yi amfani da sandar walda ta nikel, kana yin ɗinki gajere da bai wuce inci ɗaya ba, kana bubbuga shi da ƙaramar guduma tun yana da zafi. Da ka gama, ka binne shi cikin busasshen yashi ya huce a hankali har wayewar gari. Idan aka bar shi a iska, za ka ji wata ƙaramar ƙara kamar an taka busasshen kara, kuma tsagewa ce a gefen ɗinkin. Liƙi da tagulla a wutar gas ma yana yi, kuma ya fi sauƙi ga wanda hannunsa bai saba da ƙarfen zubi ba.

Injiniya_Shida:
Game da ƙarfi kuwa, ɗan'uwa, kada ka sa rai da yawa. Muddin kafiretar da kan injin suna nan yadda suke, abin da zai sauya sosai shi ne sautin motar. Abin da na fi jiye maka shi ne akwatin zafi da ke ƙarƙashin kafireta, inda hayaƙi yake ɗumama manifol ɗin shigar mai domin fetur ya zama tururi. Idan farantinka ya hana hayaƙi isa wurin, motar za ta riƙa sarƙewa idan ka taka totur, musamman lokacin sanyi, don haka ka sa shi ta yadda rabi ɗaya zai ci gaba da ratsa akwatin.

Mai_Akori_Kura:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura batun faɗin bututun da hanyar da zai bi.

Injiniya_Shida:
Inci biyu ko ƙasa da haka kaɗan ya wadatar ga kowane ɓangare, domin bututun da ya yi faɗi da yawa yana rage gudun hayaƙi, sai injin ya rasa ƙarfin jan kaya idan yana juyawa a hankali. Ka nisanta sabon bututun daga layin birki da na fetur da wayoyin lantarki, ka sa sabon gaskit, kuma bayan ka tayar da injin ka duba kowace gaɓa da kyau, saboda hayaƙin da ya yoyo ya shiga ɗakin direba yana ɗauke da iskar guba marar wari da ke iya kisa.