ESP32 ɗina na mutuwa duk bayan kwana biyu, memori ne ko wuta?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na haɗa wata 'yar na'ura da ESP32 (ƙaramin allon kwamfuta) da SIM800L (mai ɗaukar layin waya), tana auna ruwan tankin gonarmu, duk minti 5 ta turo min adadin ta intanet. A gida ta kwana a kan tebur lafiya lau. Da na kai ta gona na ɗora ta a kan sola, sai ta yi kwana biyu ta mutu ta sake tashi, wani lokacin kuma ta yi tsit sai na je na cire baturi. Na duba ESP.getFreeHeap() mai nuna memorin da ya rage, bai taɓa sauka ƙasa da KB 100 ba. Na fara zargin memorin allon ya lalace. In sayi sabo ne?

Mai gyaran rediyo: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. SIM800L uwar cin wuta ce, in za ta aika saƙo takan fizgi har amfiya 2 cikin ƙiftawar ido, kuma wutar da take so tsakanin bolt 3.4 ne da 4.4. In siririyar waya ɗaya ke ciyar da su biyun, ESP32 ne zai sha wahala. Sa kafasito 1000µF daf da ƙafar wutar SIM800L. Me na'urar take rubutawa a Serial, wato saƙon da take turo wa kwamfuta, in ta faɗi?

Mai tambaya: Na sa kafasiton tun farko, Malam. "Guru Meditation Error" na gani, saƙon faɗuwar manhaja, ba "Brownout detector was triggered" na ƙarancin wuta ba.

Injiniya daga Zariya: To, kusan an wanke wuta ke nan. Kuma da wuya ka ga memorin KB 520 ɗin da ke cikin ESP32 ya lalace haka kawai. Ina kyautata zaton da String, ma'ajiyar rubutu mai miƙewa, kake haɗa saƙonka, kana ta ƙara masa da alamar +. Sau da yawa in ka yi ƙari sai ta nemi sabon wuri ta saki tsohon, a hankali memorin ya zama gutsi-gutsi. Kamar bas ce mai kujeru goma ba kowa, amma a warwatse, mutum huɗu da ke son zama jere ba za su samu ba. Jimillar kujerun kawai getFreeHeap ke faɗa maka. Buga ESP.getMaxAllocHeap(), shi ne gutsure mafi girma da ya rage. Ranar da aka nemi wuri aka rasa, aka kuma ci gaba da rubutu ba a duba ba, ranar take faɗuwa.

Kuma daina jiran kwana biyu. Saƙo 288 take aikawa a rana, 576 ke nan a kwana biyu. Mayar da tazarar daƙiƙa 10, cikin minti 96 za ka kai adadin a kan teburinka. In lambar tana ta sauka, koma ma'ajiyar char mai tsayayyen girma, ka rubuta saƙon a ciki da snprintf.

Wata ɗaliba: Tsit ɗin nan kuwa ina ga matsala ce daban, ni ma ta taɓa kama ni. Kana jiran "OK" daga SIM800L ba ka sa wa'adi ba, in sabis ya ɗauke ta zauna jira har abada. Sannan ka sa esp_reset_reason(), mai faɗin dalilin sake tashinta, cikin saƙon farko bayan ta tashi, ka huta da zuwa gona da kwamfuta.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Injiniya, ka canka daidai, cikin awa ɗaya lambar ta zube warwas alhali jimillar na nan inda take. Na cire String gaba ɗaya, tun la'asar ba ta motsa ba. Malama, daƙiƙa nawa kike sa wa jiran nan?