Neman kalma: me za a kira "alaji" a shirin Alhamis?

Maman Ikram: Salamu alaikum. Jibi Alhamis zan naɗi shirin lafiya na rediyo a kan gwajin jinin da ake yi wa wanda jikinsa ke rikicewa in ya ci alkama ko sha'ir. Baƙon nawa "alaji" yake ta cewa, da Turanci. In na furta haka a iska, rabin Kano za su zaci wani Alhaji nake nufi. Ku agaza min da sunan ciwon da na gwajin.

Ɗan Jakara: Borin jini. Gwajin borin jini. Tun kakanni haka ake cewa.

Likita A.: Borin jini alama ɗaya ce kawai, wato rudu-rudun nan mai ƙaiƙayi a fata. Akwai wanda leɓensa ne zai kumbura, wani ya yi ta amai, wani numfashi ya sarƙe masa har sai an ruga da shi asibiti. Ɗan Jakara, dubi masu gurasa na unguwarku: wani ƙurar fulawa kawai yake shaƙa wajen kwaɓi, ya yi ta atishawa, ƙirji na shaƙewa, fata kuwa lafiya lau. Abin da gwajin ke aunawa wani makami ne na garkuwar jiki, IgE, wanda ya riƙi furotin na hatsin a matsayin abokin gaba.

Malam na Gwale: To ga tawa: ƙi-ci. Ginin Hausa ne tsantsa, irin ƙi-gudu da ƙi-faɗi. Gwajin ƙi-ci. Gajera ce, ta zauna a baki.

Binta Fagge: Malam, da girmanka, in aka ce yaro na da ƙi-ci, uwa za ta ɗauka ƙyuyar cin tuwo ake nufi. Kuma mai gurasar da Likita ya ambata ai bai ci komai ba. Me zai hana hassasiyya ta Larabci? Duk wanda ya yi jinya a Masar ko Saudiyya ya san ta.

Malam na Gwale: Kullum aro! Shi Baturen ma ƙera tasa ya yi. Wani likitan yara a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Clemens von Pirquet, ya haɗa ta daga Girkanci a 1906, kuma ba wanda ya ce masa ba ta zauna ba. Sai mu ne za a ce harshenmu ba ya haihuwa?

Binta Fagge: Alkama da sha'ir da muke magana a kansu, daga ina suka zo mana in ba Larabci ba? Ko su ma za mu mayar?

Malam na Gwale: Waɗannan sun kwana sun tashi a kasuwar Kurmi ɗaruruwan shekaru. Hassasiyya taki ko Dawanau ba ta sani ba. Ku 'yan boko da 'yan Larabci kunyar Hausa kuke ji, shi ke nan.

Ɗan Jakara: Wa ya ji kunya, Malam? Ni fa kalmar gida na kawo, kai ka tsallake ta.

Likita A.: Ku yi haƙuri, akwai abin da ya fi sunan damuna. Maman Ikram, don Allah ki faɗa a shirin cewa ganin IgE a jini ba ya nufin mutum na da ciwon. Hatsi dangin ciyawa ne, don haka mai atishawa saboda ƙurar furen ciyawa sakamakonsa kan nuna alkama da sha'ir, alhali yana cin taliya da alkaki lafiya. Kada uwa ta ga takarda ta hana yaro rabin abincin gida. Likita ne zai haɗa sakamakon da labarin abin da ya faru bayan cin, wani lokaci ma a ba shi kaɗan-kaɗan a asibiti ana kallonsa. Sannan ciwon siliyak, inda gulutin, wani furotin na alkama da sha'ir, ke lalata hanji, daban ne, gwajinsa ma daban. Ki kuma tuna musu lemon malt da sha'ir ake yi, mutane da yawa ba su sani ba.

Maman Ikram: Na rubuta, Likita. To "abincin bai karɓe ni ba" fa? Haka tsofaffi ke cewa.

Likita A.: Ta yi faɗi. Mai kumburin ciki bayan shan madara ma haka zai ce, kuma wannan gwajin ba nasa ba ne.

Ɗan Jakara: A sauya harafi ɗaya mana. Borin jiki. Jiki ne ke bori, ko a fata ko a ƙirji.

Malam na Gwale: Sai masu sauraro su ɗauka iskokai ne, su nufi gidan boka.

Binta Fagge: Yaro ma ana cewa yana bori, ba wanda ya kira mai garaya.

Maman Ikram: Lokaci ya ƙure min. Zan ce "borin jiki ga abinci", gwajin kuma "gwajin jini na borin jiki", in bayyana a farko cewa ba borin jini kaɗai ba ne. Na gode muku duka.

Malam na Gwale: Kalma huɗu a inda ɗaya za ta isa. Ki yi da ita na wannan makon. Ni dai ƙi-ci zan kai wa malaman harshe a Jami'ar Bayero su duba.