Ina 'yan mishan suke a littattafan Hausa na farko?

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Ina rubuta kundin kammala digiri kan yadda adabi ya nuna shigowar 'yan mishan Afirka, kuma na cije a babi na uku.

Ɓangaren Achebe bai ba ni wahala ba. A littafinsa Things Fall Apart na 1958 ga ɗan mishan Mista Brown mai lallashi da makaranta da asibiti, ga Smith mai zafin kai da ya gaje shi, ga Nwoye da ya bar gidan ubansa Okonkwo ya shiga Kiristanci ya koma Isaac. Ngugi, marubucin Kenya, shi ma ya nuna rikicin kaciyar mata tsakanin ƙabilar Kikuyu da coci a littafinsa The River Between.

Malamina ya ce in kwatanta da namu. Na duba Ganɗoki da Shaihu Umar da Ruwan Bagaja na gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933, ban ga ɗan mishan a tsakiyar labari ba. Alhali ɗan mishan Dakta Miller ya zauna Zariya tun 1905, kuma an buga Baibul da Hausa a 1932.

Shin taƙaita wa'azin 'yan mishan da Turawan mulki suka yi a masarautun Musulmi ne dalili? Ko a waƙoƙin ajami ya kamata in nema? Don Allah wanda ya san wani rubutu kan Maguzawa ko Wusasa, mazaunin 'yan mishan kusa da Zariya, ya taimake ni.