Ruwa na shigo min ta gindin fiffiken jirgin ruwa, a taimaka da shawara

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Houston ta Amurka, bara na sayi wani tsohon jirgin ruwa mai gudu na hannu, ƙirar 1996, irin wanda ake jan mai tsere a kan ruwa da igiya. Tsawonsa ƙafa 19, injinsa a tsakiya. A ƙasan cikinsa akwai fukafukai uku na tagulla a jere, su ke riƙe shi ya tafi sambai idan mai tseren ya fizgi igiya gefe.

Asabar biyu da suka wuce muna tafkin Conroe, can arewa inda kututturan bishiyoyi suke ɓoye a ruwa, sai na ji ƙum a ƙasa. Na duba farfela, lafiya lau, muka ci gaba da wasa. To tun ranar famfon kwashe ruwa bai huta ba, duk minti goma sai ya tashi, alhali da sai mu wuni bai yi motsi ba. Da na ɗora jirgin kan tirela na kwanta ƙasa, sai na ga fiffiken gaba ya ɗan karkace, yana girgiɗi idan na ja shi. Maƙwabcina ya ce in shafa silikon a kewaye in manta. Uwargida kuma ta ce ba ita ba jirgin har sai ya daina yoyo. Ya zan yi?

Mai Faiba:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kiyaye gaba. Silikon ɗin nan ka rabu da shi. Ba ya riƙo a ƙarƙashin ruwa, kuma inda ya taɓa yakan bar wani santsi da gam na ƙwarai ba zai kama ba daga baya. Mu da muke wannan aiki mun fi jin haushin kankare shi a kan gyaran kansa.

Fara tabbatarwa tukuna cewa daga nan ne. Jirgi na kan tirela, toshe ramin zubar da ruwa, sa tiyo ka zuba ruwa a ciki, ka koma ƙasa da tocila ka ga inda yake ɗiga. Kada ka cika, lita ɗaya kilo ɗaya ce, kuma kada ya kai ga sitatar injin. Ka duba har da inda sandar farfela ta ratsa da gindin ƙarfen juya jirgi, domin bugu ɗaya yakan girgiza su gaba ɗaya.

Idan fiffiken ne, dole a cire shi. Notinansa sun ratsa har ciki, ka nemi kansu ta ƙarƙashin daɓen jirgin. A wasu jiragen soson da ke hana jirgi nutsewa ya rufe wurin, sai an yanke shi. In ka tarar soson ya sha ruwa, ka kwashe jiƙaƙƙen duka, ba ya bushewa da kansa. Mutum biyu ne aikin: ɗaya ciki da sifana, ɗaya ƙasa. Bayan an cire, kankare tsohon gam tas, goge da asiton (ruwan sinadarin da ke cire maiƙo da datti), sannan ka zuba wa ramukan ido. Nan ne maganar take. Idan siraran layuka ne kamar saƙar gizo a fatar waje kawai, da sauƙi. Amma idan faibar kanta, wato zaren gilashin da aka yi jikin jirgin da shi, ta yi fari ta yi laushi, ko ka ƙwanƙwasa da bayan sukundireba ka ji sautin ya mutu, to ta dare daga ciki, gam ba zai yi maganinta ba. Sai an ci wurin da giranda a yi masa gangare mai faɗin kamar ninki 12 na kaurin jikin, a shimfiɗa sabuwar faiba da ifoksi (gam mai ƙarfi da ake haɗa ruwa biyu ya ƙame), a sake huda ramuka.

Ɗan Yawuri:
Ikon Allah. Mu a gida tsumma da kwalta baba ke cusa wa kwalekwale a wuce wurin. Ni dai tambayata, cikin gam ɗin jirgin ruwa na kamfanin 3M, mai lamba 5200 zai sa ko 4200? Na ga ana ta musu a kai.

Mai Faiba:
Dukansu ana sa su ƙarƙashin ruwa. 5200 riƙon mutu-ka-raba yake yi, na gama-gari yakan kai kwana bakwai kafin ya ƙame, akwai kuma mai saurin da ke yi cikin awa 24. Ni 4200 nake sa wa fiffike, saboda noti ne ke riƙe shi, gam aikinsa hana ruwa kawai, kuma mai yawo a Conroe zai sake haɗuwa da kututture. Ranar da za a cire mai 5200, wani lokaci har da fatar jirgin yake tahowa.

Alhaji, ka ɗan buɗe bakin kowane rami ta waje don gam ya samu wurin zama. Sa gam a gindin fiffiken da jikin notinan, ka ɗaure har ya tsattsafo ta ko'ina. Ta ciki ka sa faffaɗan washa ko farantin ƙarfe. Mai ɗaurewa ya juya ta ciki, na ƙasa ya riƙe kan notin kada ya juya ya tsinka gam. Notin da ya lanƙwashe kada ka mai da shi.

Baban Hanifa:
Na gode ƙwarai, Malam, Allah ya saka da alheri. Jiya muka cire ni da ɗana. Noti biyu sun lanƙwashe, rami ɗaya ya buɗe kamar ƙwai, amma na ƙwanƙwasa ko'ina sauti garau. Soso kam na kwashe kusan bokiti guda, yanzu fanka na hura wurin. Fiffiken fa, a miƙe shi ko in sayi sabo?

Mai Faiba:
Kai wa masu gyaran farfela, in karkacewar kaɗan ce za su miƙe ta. In ka ga tsaga a gindinsa, sayi sabo. Ramin da ya buɗe kuwa, bari ya bushe ƙayau, cike shi da ifoksi mai kauri, ka sake hudawa daidai girman noti. Ka turo hoto kafin ka sa gam.