Rim ɗin da zai hau Mustang tokumbo

Ɗan Agege:
Salam jama'a. Mustang 2016 na saya tokumbo daga Kanada, ashe tayoyin lokacin sanyi ne a jikinta, masu tambarin dutse da ƙanƙara a gefe. Ina so in nemo wasu rim huɗu in sa sabbin taya, waɗancan in ajiye su safaya da rim ɗinsu. Wani a kasuwar kayan mota ta Ladipo yace rim ɗin Camry zai hau, gaskiya ne?

Bakanike Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Kai ɗan'uwa kar ya ci kuɗinka a banza, eh ramukan noti iri ɗaya ne, 5x114.3 duka biyun, wato ramuka biyar a da'ira mai faɗin milimita 114.3, amma ramin tsakiya na Camry milimita 60.1 ne na Mustang kuma 70.5, to ta ina zai zauna? Sannan in motarka mai babban birkin nan na kamfanin Brembo ce ƙaramin rim zai riƙa gogar birkin, ka je da motar a gwada a gabanka kafin ka biya, shi ne kawai.

Alhaji Mile 12:
Yaro ni ajiyewar ce ban gane ba. Wannan roba don sanyin ƙasa da digiri 7 aka yi ta, laushi gare ta, kwaltar Legas da rana cinye ta zata yi kamar tuwo. Ƙanƙara zaka jira a Oshodi?

Ɗan Agege:
Hhh Baba Alhaji safaya ce kawai wallahi. Oga bakanike gobe kana gareji?

Bakanike Idi-Araba:
Ina nan bayan azahar insha Allah, mu duba shekarar tayoyin ma.